Rigar Bashar

Jiya na tarar da ɗana Sanusi a ƙofar gida yana wanke kai da hannuwa, kayan da yake haƙar zinari da su ƙulle cikin leda.

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Baba, ashe ƙurar nan da muke kwasowa gubar dalma ce. Bashar ya ce kada in sake ɗaukar Nana sai na wanke jikina. Kai ma ka riƙa kula."

Wai ni ma in riƙa kula!

Bashar abokinsa ne. Kwanan nan aka kai su Anka horon wayar da kan 'yan uwansu matasa, ya dawo da riga mai rubutu a baya.

Tun ranar sunan jikata Nana nake wannan magana, Innar Sanusi har kuka ta yi masa. Da hannuna na binne ƙannensa biyu nan Bagega saboda ƙurar nan. Bai taɓa ji ba.

Na sa wa Bashar albarka, na ƙaro wa Sanusi ruwa.

Jama'a, ina ake samun rigar nan? Ina da sauran magana.