Saƙon Gwaggo da Kwana Ukun da Na Jira

Shekarar da na gama bautar ƙasa na ƙudurta zan je Nijar in ga raƙuman dawa, waɗanda ake cewa suna yawo a sake cikin gonakin mutane kusa da Yamai. Ba ni da wani dalili da ya wuce wannan. Ban taɓa fita ƙasar waje ba, don haka na shirya kamar mai shiga jarrabawa. Na yi fasfo, na buga hotonsa kashi uku, na rubuta gaisuwar Faransanci a bayan littafina, na kuma je aka yi mini allurar rigakafin shawara aka ba ni katinta mai ruwan ɗorawa. Sai a cikin mota, mun wuce Gwadabawa, na karanta ƙananan rubutun da ke jikin katin na ga ba ya fara aiki sai allurar ta cika kwana goma. Ranar tawa kwananta shida.

Na sauka Illela gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifina, da niyyar kwana ɗaya, sai ya zama dole in yi huɗu. Ko in ce, ni na ga ya zama dole.

Ɗanta, wanda taubashina ne, dillalin albasa ne, kusan kullum sai ya leƙa Ƙonni, can tsallaken iyaka, a kan babur ya dawo kafin azahar. Da na nuna masa katin na yi masa bayani, ya riƙe shi nesa da fuskarsa kamar mai duba jabu.

“To ɗan boko, shi katin nan nuna yaka yi kamar mangwaro?”

“Doka ce,” na ce. “In aka tambaye ni fa?”

“In an tambaye ka sai ka ce ka taho gaida gwaggonka. Mi za su yi ma? Ni da ko takardar haihuwa ban san inda take ba, jiya can na ci tuwon rana.”

“Kai ɗan gari ne. Ni baƙo ne, yawon buɗe ido zan je.”

“Inna, kin ji ubangidan namu,” ya ɗaga murya. “Idonai ne za ya kai Nijar a buɗe mai. Nan rufe yake.”

Gwaggo ta yi dariya har da tari. Sunan mahaifinsu aka sa mini, don haka ba ta kirana sai da Babana. Ta ce a bar Babanta ya huta, kowa da irin tafiyarsa.

Da la’asar, bayan taubashin nawa ya fita, ta kira ni ɗakinta ta jawo wani ƙunshi daga ƙasan akwati. An naɗe shi da tsohon zani, an ɗaure da igiyar kaba. Ta ce in kai wa yayarta, wadda ke aure a wani ƙauye gaba da Ƙonni kaɗan. Na san da wannan gwaggon, amma ban taɓa ganinta ba, an kai ta can tun kafin a haifi mahaifina. Gwaggo ta ce ba ta jin daɗi kwana biyu.

“Hannunka da nata za ka ba ta. Ta ga Babanta, ta ga saƙonta.”

“Gwaggo, me ke ciki?”

“Saƙo ne.”

“Na sani, amma ko da za a tambaye ni a iyaka…”

“Ka ce saƙon tsohuwa ne zuwa ga tsohuwa. Kuma kar ka faɗa wa yaran gidanga.”

Na karɓa da hannu biyu. Amma duk abin da na karanta game da tafiya ya yi ta nanata abu ɗaya, cewa kada matafiyi ya ɗauki kayan da bai san cikinsu ba. Ba wai na zargi Gwaggo ba ne. Ina jin abin da na ji tsoro shi ne in tsaya gaban ma’aikaci ya tambaye ni, in ce ban sani ba. Washegari da hantsi, tana tsakar gida tana tsince wake, na tura ƙyauren ɗakin da aka sauke ni na kwance igiyar.

Farin yadi ne, sabo, mai ɗan kauri, an ninke shi da kyau, ga alamar ruwa da ya bushe a jikinsa. Na gane shi nan take, domin kakata ta wajen uwa tana da irinsa. Tsofaffi kan sayo shi in sun je aikin hajji, su jiƙa shi da zamzam su shanya, su dawo da shi su ajiye don ranar da za a naɗe su. Gwaggo sau ɗaya ta je Makka, yayarta kuwa ba ta taɓa zuwa ba. Likkafaninta ne ta ba ni in kai.

Na mayar da shi na ɗaure. Nan ne ya kamata in fita in ce wa taubashina ya tayar da babur. Na yi tunanin haka, ba zan ce ban yi ba. Amma sai na soma lissafa wa kaina dalilai. Gwaggo cewa ta yi yayarta ba ta jin daɗi, ba ta ce ciwon ya yi tsanani ba. Tsofaffi sukan yi irin wannan shiri shekaru kafin lokaci. In na nuna gaggawa, za ta gane na buɗe. In kuma aka mayar da ni daga iyaka saboda kati, wataƙila a rubuta wani abu a fasfona wanda zai bi ni har gaba. Ban san ko ana yin haka ba, ban kuma tambayi kowa ba. Kwana uku ne kawai suka rage.

Na cika kwanakin nan da shiri. Na je kasuwa na canji sefa, na sayi hular kaba saboda rana, na hau babur zuwa tafkin Kalmalo na kalli masunta suna gyaran koma. Har bakin iyaka na je na tsaya daga nesa ina nazarin inda ake shiga da inda ake fita, don kada in yi kuskure ranar. Mata suna wucewa da ƙwaryar nono a ka, wani tsoho yana jan rago, ba wanda ya tsaya duba komai a aljihunsa. Sau biyu Gwaggo ta tambaye ni, “Babana, katin bai yi ba har yanzu?” Sau biyu na ce saura kaɗan. Ba ta matsa mini ba. Ina jin ta ɗauka mai ilimi ya san abin da yake yi.

Ranar da ta rage kwana ɗaya, muna karin kumallo da kunu da ƙosai, wayar taubashina ta yi ƙara. Ya saurara, ya ajiye ludayi, ya yi salati. Gwaggo ba ta tambaye shi komai ba, ta janyo mayafinta ta rufe fuska. An ce da asuba yayar tata ta rasu, kuma za a kai ta kafin rana ta yi zafi, domin ƙauye ne ba a jira. Ko da a lokacin muka tashi, da wuya mu riske su.

Duk da ciwon gwiwa da take fama da shi, Gwaggo ta ce a samo mota. Kafin motar ta zo na shiga ɗakinta da ƙunshin, na durƙusa daga bakin ƙofa. Ina iya ajiyewa in fita, ba wanda zai sani. Ban san abin da ya sa na yi magana ba, wataƙila so nake a yi mini faɗa.

“Gwaggo, na buɗe shi.”

Ta ɗago ta dube ni.

“Yaushe?”

“Shekaranjiya.”

“Ka ga abin da ke ciki?”

“Na gani.”

“Ka san ko mine ne?”

“Na sani, Gwaggo.”

Ta shiga murza bakin mayafinta. Na jira ta ce wani abu game da amana, ko game da boko, na ma shirya amsa cewa ba ni da hujja. Ba ta ce ko ɗaya ba.

“Ita ta roƙe ni shi, tun da azumi,” ta ce. “Na kasa kai mata da hannuna. Ina ganin in na miƙa mata kamar na ce ta tafi ne. Da ka zo sai na ce Allah ya kawo mai kaiwa.” Ta share ido. “Ni na riƙe shi wata huɗu, kai ka riƙe shi kwana uku. Tashi, Babana. Sa shi cikin akwati.”

Na san ta faɗi haka ne don ta rage mini, kuma na san ba daidai ba ne. Ita ƙauna ce ta hana ta. Ni ban san sunan abin da ya hana ni ba, amma ba wannan ba ne.

Na bi su ta’aziyya a ranar, kwana tara da allurar. A ƙauyen, wata tsohuwa ta kama fuskata ta ce marigayiyar ta ji labarin ina Illela, har ta sa an share ɗaki an shimfiɗa tabarma. Na tambayi ɗan marigayiyar, cikin dabara, ko an sami yadi. Ya ce an samu, maƙwabci ya hau babur ya sayo a Ƙonni, mai kyau ne. Bai san da wani ba, ni kuma ban gaya masa ba.

Na yi kwana uku a zaman makoki, sannan na raka Gwaggo gida. Har yau ’ya’yanta ba su san ta taɓa fitar da yadin daga akwati ba. Nakan kira ta duk Juma’a, takan tambayi aikina da lafiyata, ta sa mini albarka. Ba ta sake ba ni saƙo ba, ko na barkono zuwa Sakkwato, kuma ban taɓa samun ƙarfin tambayarta ko mantuwa ce ba.