Bakri, Muryar Boka

Yayana Bakri mai fassarar fim ne a unguwar Ard al-Liwa. Tsofaffin finafinan Sin yake ɗora wa Hausa, irin na kokawa da tsafi ɗin nan, ya tura wa 'yan'uwanmu na Sudan a waya. Murya gare shi, wallahi, shi kaɗai sai ya yi maka tsohuwa da jarumi da aljani. Da ita ya ciyar da mu shekara goma sha ɗaya.

Wani fim ya zo hannunsa. Boka na jifan wani ɗan dambe da surkulle, wani malamin addinin Budda mai aski ƙwal yana karyawa da addu'arsu. Bakri ya ce maganar boka shirme ce ta 'yan wasa, zai kwaikwaya. Ta malamin kuwa ibadar wasu ce, bakin da ke salla ba zai faɗe ta ba. Ya bar wurin addu'ar a fim ɗin babu murya.

Na ce, "Yaya, ka ɗauki cuta ka bar magani?"

Ya ce, "Ke Tagwa, fim ne fa. Khalas, shi ke nan."

Taurin kai! Kwana uku yana maimaita surkullen nan a ɗaki, har ya fi bokan iyawa. Ina yanka albasa tsigar jikina na tashi.

Ranar Juma'a da hantsi na miƙa masa shayi. Ya buɗe baki zai yi godiya, sai maganar bokan ta fito, da kaurinta da komai. Ya sake gwadawa. Ita ce dai. Na ji tsoron yayana, ban taɓa ji ba sai ranar.

Likita ya leƙa maƙogwaro ya ce tamam, lafiya lau. Malamai biyu daga unguwar Ainu Shams suka yi ruƙiyya har suka gaji. Bakri ya rufe baki ruf, da takarda yake mana magana.

Rannan na kunna masa fim ɗin daidai wurin malamin. Ina kuka na ce, "Yaya, don Allah ka gwada addu'ar nan tasa, sau ɗaya tak. Wa zai sani?"

Ya daɗe yana kallon mutumin. Na ga leɓensa na motsi, ashe ya haddace ta tsaf. Sai ya jawo takarda ya rubuta, ya miƙo mini.

"Idan ta yi aiki fa?"

Shekara uku ke nan ban ji muryarsa ba.