Ƙyallen da Ndako Ya Cusa a Aljihu

Ranar Talata, 12 ga Nuwamba, 2013, ina shirin sallar la'asar, Malam Ezekiel mataimakina ya shigo ofis ya ƙi zama. Ya ce, "Hajiya, Ndako ya rasu." Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Jinyar kwana huɗu kacal, Mamudu Ndako, ka bar shagonka na Bosso a rufe, ka bar ni da wata magana da na daɗe ina haɗiyewa.

Kai ka kawo intanet makarantarmu ta 'yan mata a Tunga, a shekarar 2007. Layi ɗaya muka samu, kwamfutoci goma sha biyu. Na ce ba zai yiwu ba, ka yi murmushi. Ka kafa wani ɗan akwati mai fitilu kore, suwic, ka jawo kebul daga kowace kwamfuta zuwa cikinsa, kowane da sunansa a manne. Sannan ka ajiye wata tsohuwar kwamfuta a lungu, ka ce ita ce furoksi. "Hajiya, wannan ita ke zuwa kasuwa. Sauran aikenta suke yi, ta sayo ta raba musu." Na ce to, amma wallahi hankalina yana kan tsadar fetur.

Haƙurinka da mu sai Allah. Malamai masu furfura da ke tsoron taɓa linzamin kwamfuta ka zauna da su, ba ka taɓa yi wa kowa dariya ba. Ni kuwa da nake da baki, sau nawa na kira ka ina faɗa kan abin da ba laifinka ba?

Mafi muni shi ne ranar rufe rajistar jarrabawar fita sakandare. Ƙarfe huɗu za a rufe shafin, saura ɗalibai arba'in da uku ba a shigar ba, kuma duk wadda ta rasa ta yi asarar shekara guda. Babu wuta, janareto yana nishi. Da safe na zaga ɗakin, na ga tsohuwar kwamfutar nan a lungu tana shan wuta, babu kowa a gabanta. Na zare filoginta, na naɗe wayar tsaf, na lulluɓe ta da ƙyallena mai ado, irin wanda duk makarantar ta san ni nake rufe kaya da shi.

Da aka zauna aiki, ko kwamfuta ɗaya ba ta buɗe shafi ba. Fitilun suwic kuwa suna ta ƙyaftawa, don haka ba wanda ya waiwayi lungu, ni ma ban kawo komai a raina ba. Har azahar muna fama, yara sun fara kuka, iyaye sun taru a bakin ƙofa. Na kira ka na zazzage maka, har na ce aikinka na jabu ne. Kana can Gidan Kwano a wajen gari, ka bar aikin da kake yi ka hau babur.

Kana shigowa ka dubi suwic, ka dubi lungu. A lokacin ne na tuna filogin da na zare. Ka je ka tsaya ka ba mutane baya, ka kare wurin da jikinka. Ina kallo ka yaye ƙyallen ka cusa a aljihu, ka warware wayar ka mayar. Malam Ezekiel ya tambayi abin da ya faru. Ka ce, "Filogi ne ya fita. Yana faruwa." Ba ka yi ƙarya ba, ba ka kuma dube ni ba. Ka ja kujera ka zauna kana shigar da sunaye tare da mu. Saura minti goma sha biyu yarinya ta ƙarshe ta shiga.

Washegari na tarar da ƙyallen a ninke a kan teburina. Shekara shida muna haɗuwa, ba ka taɓa tayar da zancen ba. Ni kuma girman kai ya hana ni cewa ka yafe mini. Kullum sai in ce gobe.

To, yau na faɗa, kowa ya ji: ni Azumi, shugabar makaranta, ni na kashe kwamfutar, Ndako ya sha zagin. Ina ƙaunarka, ɗana, kuma ina jin kunyarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Amatullah, da 'ya'yanka Mujahid da Munzali, da mahaifiyarka da dukkan dangi. Allah ya ba ku haƙuri da dangana, ya raya abin da ya bari. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ranar da za a tona asirin kowa a gaban taro, Ubangiji ya tsaya maka, ya rufa naka kamar yadda ka rufa nawa. Amin.