Inuwar Katangar Inna

Shekarar da yanar ido ta rufe wa Inna idanu, ina aiki a ɗakin kwamfuta na wata ma'aikata a Dutse, ina kuma karatun digiri na biyu a Kano. Malaminmu ya dawo daga Turai da wasu darussa da suka kusa haukata ni. Wai kumbo yana kewaya duniyar Mars yana ɗaukar hoto, ni kuma in rubuta manhajar da za ta faɗi ta ina rana take haska wani rami a can, da tsawon inuwar da bakin ramin zai yi a wannan lokaci. Ni da ban taɓa hawa ko jirgin sama ba! Bayan an tashi aiki sai in zauna ina fama, a ɗauke wuta, in yi tsaki, in sake daga farko.

Inna tana ƙauyenmu, gaba da Buji, a gefen gari inda kiran salla ba ya kaiwa. Duk rayuwarta da inuwar katangar yamma take gane la'asar. Da gani ya tafi, sai ta koma tambayar matar yayana ko lokaci ya yi. Inna kuwa mace ce da ba ta iya roƙon ko ruwan sha. Wata rana na je na tarar ta yi la'asar tun rana na tsaka, don ta gaji da tambaya, yara kuma suna ta dariya a bayan rumbu. Na balbale su da faɗa. Ita ko sai ta naɗe tabarmarta. Wallahi abin ya ƙona min rai.

A motar dawowa wata dabara ta faɗo min. Ai ramin Mars da katangar Inna duk inuwa ce. Na cire lissafin Mars na sa na duniyarmu, na sa inda ƙauyenmu yake. Da na sake zuwa ƙauye na auna tsayin katangar da igiyar guga, yayana yana tsaye yana cewa boko ya gama da ni. Manhajar ta ba ni iyakar inda inuwa take kaiwa idan la'asar ta yi. Na samo faffaɗan dutse na ajiye a wurin.

Na ce mata ta zauna ta ɗora ƙafa a kai bayan azahar, idan ta ji zafin rana ya bar ƙafarta, lokaci ya yi. Ta ce ita ba kaza ba ce da za a shanya ta a rana, amma ta zauna. Muna nan zaune, sai na ga ta motsa 'yan yatsun ƙafarta. Ta miƙe ta laluba butarta, ba ta tambayi kowa komai ba. Na shige ɗaki na yi kukana.

Da yake rana tana sauya hanya da tafiyar shekara, sai na riƙa zuwa akai-akai ina matsar da dutsen. Kullum sai ta yi min tsiya, ta tambaye ni ko mutanen Mars sun yi salla.

Ana nan aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jiharmu, masallacin ƙauyen ya samu lasifika da janareta. Ranar da na fara jin kiran la'asar ya shigo har tsakar gidanmu, na yi murna, amma a ƙasan zuciyata na ji kamar an kore ni daga aiki. Na ce mata to shi ke nan, an hutar da ita zaman rana, bari in kai dutsen bakin murhu ya yi amfani.

Ta danne shi da ƙafa.

"Ke, bar min abuna," in ji ta. "Wancan kowa da kowa yake kira. Inuwar nan kuwa ni kaɗai take zuwa wa."

Sannan ta tambaye ni yaushe zan dawo in matsar da shi. Na ce ba da daɗewa ba. Ta ce kar in makara, don kwana biyun nan inuwar tana riga ladan isowa.