Ƙararrawar da Mama Rifkatu Ta Kaɗa a Ƙasar Masar

Unguwar Hayyin Ashir, Alƙahira, ƙarfe 4:50 na asuba

Ina idar da salla na sauko na tarar da tasi a ƙofar gidanmu. Mama Rifkatu na baya, ta sha kayan zumuntar mata da baƙin tabarau kamar 'yar fim. Maƙwabciyarmu ce a Kafanchan, ita ta goya ni ina yaro. Ta zo Alƙahira wajen ɗanta Yaya Bitrus, ma'aikacin ofishin jakadanci, aka cire mata yanar ido. Kafin tiyata ta yi wa Allah alkawari: in ta sake gani, ba za ta bar Masar ba sai ta tsaya gaban jama'a a cocin Methodist ta karanta Zabura da idonta. Ranar Lahadi ce a watan Maris na 2012, jirginta na komawa gida kuma Litinin da sassafe.

Yaya Bitrus ne ya samo labarin wata tsohuwar coci a wani ƙaramin gari gaba da Minya. Shi bai samu zuwa ba, don Lahadi ranar aiki ce a Masar. Da mun yi tunani, da tun daga nan mun gane inda gizo ke saƙa. Ni ɗalibi mai Larabci aka naɗa tafinta.

Tashar Ramsis zuwa Minya

Jirgin ƙasa ya tashi shida da 'yan mintoci. Kilomita wajen ɗari biyu da arba'in ne, muka yi awa huɗu. Na sayo mana burodi da wake da ta'amiya, Mama ta gutsura ta ce, "Ƙosai ne dai da ya yi karatun boko." Duk hanya tana manne da taga tana nuna mini dabino da jakuna, kamar ni ne aka yi wa aikin ido.

Daga Minya muka hau ƙaramar bas, minti arba'in. A shinge ɗan sanda ya juya fasfo ɗinmu, ya ce, "Ina zuwa, ya Hajja?"

Mama ta taɓa ni. "Ɗana, Hajiya ya ce? Kada ka gyara masa, na karɓa."

Garin, ƙarfe 11:10

Keke mai ƙafa uku ya ajiye mu a wani lungu. Ga coci, ginin tubalin laka da farar ƙasa, ga ƙatuwar ƙofa a garƙame. Wani tsoho mai rawani, Amm Girgis, mai riƙe da makulli, ya ce mana, "Ma'alish, ku yi haƙuri. Mutane na gona, yara na makaranta. Sujada sai bakwai na yamma."

Tikitinmu na komawa na ƙarfe uku ne. Da na faɗa wa Mama, sai ta zauna a dakali. Wallahi tausayinta ya kama ni.

Tsohon ya buɗe mana, ya kawo shayi, ya shiga ba mu tarihi. Kakansa na cikin mutum bakwai da suka fara ibada a rumfar shanu, bayan wata Baturiya 'yar mishan ta iso garin a jirgin ruwa. Mata ne suka ɗebo lakar ginin daga bakin Nilu a kansu. Ya nuna mana katakon da ya raba bencin maza da na mata, ya ce ƙararrawar cocin ma ta kogi ta zo, raƙumin wani Musulmi mai injin niƙa ne ya hauro da ita.

Larabcin mutanen kudu ba irin na aji ba ne, kowace jimla sai na ce ya maimaita. Mama ta gaji da jirana ta tashi zagaye. Ina nan ina fama, na tsinci cewa wata shekara wuta ta kama masussukar garin da tsakar rana, kakansa ya kaɗa ƙararrawa aka taru aka kashe. Tun daga lokacin...

Ƙararrawa ta ɗauka. Muka fito da gudu, sai ga Mama ta naɗe igiya a hannu tana ja da ƙarfinta. "A gida haka nake kiran matan zumunta," in ji ta. "Ko uku suka zo sun ishe ni."

Amm Girgis ya dafe rawani. Ragowar tarihin ke nan: tun daga waccan shekarar, ƙararrawa ba a kan lokaci ba tana nufin gobara.

Cikin minti biyar lungu ya cika. Maza da laka har gwiwa, mata da tukwane, mai shagon aski da almakashi a hannu, ladanin masallacin kusa da bokiti biyu, kowa na ihu, "Ina wutar?" Na so ƙasa ta tsage. Na hau dakali na ba da haƙuri da Larabcin littafi, na faɗi alkawarin Mama daga farko. Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, dariya ta ɓarke. Ladan ya ajiye bokitansa ya ce, "To tunda mun zo, khalas, shi ke nan, ta karanta."

Kiristoci suka cika benci, mu Musulmi muka tsaya bakin ƙofa da tagogi. Mama ta cire tabarau, ta buɗe Littafinta na Hausa, ta ɗora yatsa. Ba wanda ke jin ko kalma ɗaya sai ni. Na san ba hadda take yi ba, don a tsakiya ta yi tuntuɓe, ta matso da shafin, ta gyara da kanta. A nan hawaye ya zubo mini.

Ruwan bokitan aka zuba wa bishiyar lemon tsakar coci. Aka cika mu da fatira, wata irin gurasa mai maiƙo, da zumar rake. Amm Girgis ya sa na rubuta masa sunan Mama da Larabci, ya ce jikokinsa za su riƙa ba baƙi tarihin gobara biyu.

Komawa

Da ƙyar muka cim ma jirgin uku. Takwas saura muka isa gidan Yaya Bitrus, ya tare mu a ƙofa: "Mama, an samu mutane kuwa?"

"Gari guda," in ji ta. "Har da ruwansu suka zo."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa mutanen garin nan da suka bar gonakinsu don wutar da babu, suka tsaya har aka ce amin.