Ƙanena Ya Gudo Daga Daji

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, a zauren gidanmu a Sabon Birni. Akwai ni, akwai ƙanena, akwai mai unguwarmu da ya zo da magana ya kasa farawa. Rediyo na ba da tarihin wani Bature ɗan ƙasar Holan, matuƙin jirgin yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu. Jamusawa suka harbo jirginsa, suka kai shi sansanin fursunoni. Shi da abokan ɗaurinsa suka haƙa rami ta ƙarƙashin shingen waya suka fice. Da ya isa wurin mutanensa, suka karɓe shi, har suka sake ba shi jirgi.

Na kashe rediyon, raina a ɓace.

Ƙanena ma gudowa ya yi. 'Yan bindiga suka ɗauke shi a gonarsa ta hanyar Gatawa, suka ɗaure shi da sarƙa a daji. Wata rana an kwance shi ya ɗebo masu ruwa, jirgin soja ya taso masu, kowa ya yi ta kansa. Ya bi kwari har ya ɓulla kusa da garin Isa, ƙafafu duk ƙaya.

Ga abin da garinmu ya yi masa, bi da bi. Da farko aka zo barka. Daga nan aka shiga tambayar wa ya biya fansa. Da aka ji ba a biya ba, aka ce sakin sa suka yi don ya riƙa kai masu rahoto. In ya isa majalisa, hira ta mutu. A masallaci ana bar masa fili dama da hagu.

Can mai unguwa ya gyara murya ya ce mini, "Malam, 'yan sa-kai sun fara maganarsa. Gara ya tafi Sakkwato ya ɗan huta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da gawarsa aka kawo fa?"

"Da duk garin ya fito jana'iza," ya ce, idonsa a ƙasa.

Ƙanena ya ce, "Yaya, bari. Za ni tafi."

Washegari na raka shi tasha. Ni na yanke geronsa a kakar nan, matarsa da 'ya'yansa suna gidana.

Mai karatu, in kai ɗan garin nan ne kuma kana da shaida a kansa, ka zo zaurena ka faɗa a gabana. In ba ka da ita, ka je wurin mai unguwa ka ce a bar shi ya dawo gidansa.