Ɗana Mai Karya Inji

Ni karatuna bai wuce aji uku ba, shi ma malamin ne ya riga ni gajiya. Amma Allah da ikonsa ya ba ni ɗan fari mai ƙwaƙwalwa. Ya yi digiri a Zariya, ya ƙara wani, ya haye ƙasar waje ya ciyo na digirgir a fannin injiniya. Da ya dawo Kafanchan a farkon shekarun casa'in, burina ɗaya ne tak: ya zauna kusa da ni. Na gaji da ɗan da sai a hoto.

Wata kwaleji nan kusa ta neme shi koyarwa. Har na fara nema masa ɗakin haya, sai ya ce a'a.

"Baba, ba koyarwa nake so ba. Aikina in zana inji tun babu shi, a ƙera, a gwada, a gyara, har ya isa a sayar."

"To wa ke ɗaukar mai irin wannan aiki?"

"Kamfanonin ƙere-ƙere. Yawancinsu suna Legas."

Legas kuma! Tun ranar zama ya gagare ni. In na zauna a rumfata ta kasuwa sai in ji kamar yana gida yana haɗa kaya, in na koma gida sai in tarar da shi kwance yana karatu, in rasa abin da zan ce na zo ɗauka.

Sai na ƙulla dabara, irin ta mai aji uku. Sana'ata citta ce, ina sayen ɗanya, mata su tsaga da wuƙa a tsakar gidana, a shanya. Na ce masa, "Kai mai zane, ga aiki a ƙofar ɗakinka. Zana mana injin tsaga citta mana." Lissafina, in inji ya yi kyau, za mu buɗe masa shago a nan, masu saye su zo daga Zangon Kataf har Kasuwan Magani, in lallaɓa in yi masa aure, shi ke nan na ɗaure shi.

Ya kuwa faɗa. Watanni yana zane, yana zirga-zirga wajen wani mai walda a bayan tashar jirgin ƙasa. Ranar da aka tayar da injin, citta ta dinga fitowa a tsage gida biyu, sumul. Ban tsaya ganin ƙarshe ba, na fita shela. Har wanda muke gaba da shi na gaya wa.

Na dawo da mutane a bayana, me zan gani? Yaron nan yana ɗura wa injin citta da laka da tsakuwa, da gangan! Inji yana kuka, shi yana kallo. Can wuƙar ciki ta ce ƙas. Wallahi murmushi ya yi.

"Kai! Lafiyarka kuwa?"

"Lafiya lau, Baba. Yanzu na san inda yake da rauni."

"Raunin da kai ka ji masa?"

Haka muka shiga. A ƙera, ya yi aiki, in fara murna, ya kashe shi. Wani injin ya bar shi yana gudu har ya ƙone, wani ya cusa masa ƙusa. Gawarwakinsu suka taru a bayan ɗakin girki. Shugabar matan da ke mini tsaga, wata dattijuwa 'yar Fadan Kaje, kullum sai ta tsokane ni.

"Baba mai citta, yaronka ya kashe wani kuma? Ka bar shi, Ubangiji ya ƙara masa ƙarfi. Mu dai wuƙanmu yana nan, bai mutu ba."

"Mama, ki yi aikinki."

"Ina yi ai. Kai ne ka kasa zama, kamar kujera yana cizonka."

Wani injin da ya fi burge ni na sa aka kinkima cikin sito, na jibga masa buhuna, na ce ɓarayi sun ɗauke. Ɗan nan bai ko yi mini musu ba. Ya bi sawun man injin a ƙasa har ƙofar siton, ya tsaya.

"Baba, in bai karye a hannuna ba, a hannun Mama zai karye, ya tafi da yatsanta."

Sai na yi ta faɗa a kan wani abu dabam, na miƙa masa makulli.

A kwana a tashi aka samu wanda ya ƙi mutuwa. Ya ba shi tsakuwa, ya tofar. Ya ba shi ƙusa, ya tsaya cak da kansa, aka cire, ya ci gaba. Na ce alhamdulillahi, shago ya tabbata. Har na yi magana da mai fenti.

Sai ga wani baƙo daga Legas, babba a wani kamfanin ƙera injinan noma, wai wani abokin karatun yaron ne ya ba shi labari. Na ja shi wajen inji mai rai, ya duba sama-sama, ya ce madalla. Sai ya zarce bayan ɗakin girki, ya tsuguna da wandonsa mai guga a gaban matattun. Yana ɗaga wannan yana tambaya, ɗana yana nuna masa inda ya tsage. Suna Turanci suna dariya kamar masu zaɓen rago. Ba na jin Turanci, amma wannan na ji shi sarai.

Bayan la'asar yaron ya same ni a zaure, ya durƙusa. Sun ba shi aiki a sashen zane da gwajin famfunan ban ruwa da injinan sussuka. Ya ce in ban yarda ba, ba zai je ba. Na dubi fuskarsa, rabon da in ga ta yi haske haka tun yana ƙarami.

Na ce, "Je ka. Allah ya yi albarka. Ka karya musu da kyau."

Kafin ya ɗago na zura takalma na fice. Na nufi kasuwa, na tuna za a tambaye ni shago, na juya. Na nufi tasha, na ga mai walda daga nesa, na sake juyawa. Magariba a wata unguwa ta same ni, na shiga masallacin da ba wanda ya san ina da ɗa.